Kurakuran ɗaura tamostat da na gaji da gyara wa mutane

Duk shekara da zarar sanyi ya kunno kai wajen Nuwamba wayata bata hutawa, kuma zancen ɗaya ne: "Oga na sayo tamostat ɗin nan mai saiti na ɗaura da kaina, yanzu komai ya mutu, yara na ta karkarwa." Wallahi bakina ya gaji da maimaita abu ɗaya, shi yasa na zauna na rubuta. Aikin AC da hita nake yi a Kolombus ta jihar Ohayo, don haka tsarin gidajen Amurka nake magana a kai, inda tamostat ɗin bango, wato ɗan akwatin da ke auna zafin gida ya kunna ko ya kashe hita da AC, ke aiki da wuta bolt 24 da wani ɗan taransifoma ke sauko da ita daga cikin fanes, wato injin ɗumama gidan da galibi yake besmen, ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Na farko, kuma shi ne ya taɓa kunyata ni kunyar da har yau in na tuna sai na ji wani iri: raina bolt 24. Mutum sai yace ai wutar bata ja, me zai kai ni besmen kashe bireka, wato makunnin da ke yanke wutar injin. Gaskiya ne kai ba za ta kashe ka ba, injin za ta kashe. Ina sabon shiga, wata Asabar da magariba cikin Janairu, aka kira ni gidan wata dattijuwa in canja mata tamostat, aikin minti 20, nace bari in yi sauri in wuce. Ina kwance wayoyin jar waya ta R mai kawo wuta ta ɗan shafi ta C mai mayar da ita taransifoma, wani ɗan tartsatsi da ko ƙara bai yi ba, shikenan. In anyi sa'a akwai ɗan fis a jikin allon fanes, irin na mota, mai am 3 ruwan hoda-hoda shuɗi-shuɗi ko mai am 5, shi yake ƙonewa ka canja da kuɗi kaɗan. Nata tsohon inji ne ba fis, taransifoman ne ya tafi gaba ɗaya, ga warin ƙuna ya cika besmen, ga shagunan kayan aiki sun rufe sai Litinin. Da kuɗina na je na sayo mata ƙananan hita guda biyu na jonawa a soket, na kwana ina fargabar kar bututun ruwa ya daskare ya fashe a ce ni ne. Matar bata zage ni ba, kallona kawai ta yi, da ma zagin ta yi da ya fi min sauƙi. Maigidana da ya ji cewa yayi, "Kai yanzu matakala goma sha biyu ce ta gagare ka sauka?"

Tun daga ranar bana taɓa waya sai na kashe bireka na fanes, sannan na sa mitar awon wuta tsakanin R da C na ga sifili da idona. Kar fuskar tamostat ta ruɗe ka, mai batir yana nan a kunne ko an yanke wuta, mara batir ne yake mutuwa.

Sai bin launin waya. Dan Allah jama'a ku daina. Eh a ƙa'ida ja R ce mai kawo wuta, fara W ta ɗumi, rawaya Y ta kwamfureso (injin da ke cikin AC na waje), koriya G ta fanka, shuɗiya kuma sau da yawa C. Amma wanda yayi wayarin gidan shekara talatin baya abin da ke motarsa yayi amfani da shi, na sha ganin gidan da shuɗiya ce ke kan Y. Harafin da ke jikin tsohon tamostat shi ne magana. Kafin ka kwance ko noti ɗaya ɗauki hoto, ni biyu nake ɗauka, ɗaya a bango ɗaya a allon fanes, sannan kowace waya in manna mata salatif in rubuta harafinta. Kuma ka naɗe su a jikin fensir, in suka zame cikin bango zaka san ka yi sakaci.

Yanzu ga wanda ke cin kuɗin mutane shiru ba su sani ba, hitfam. Wannan injin na waje shi ke yin sanyin kuma shi ke yin ɗumin, wani bawul ne ke juya masa aiki, wayarsa tana kan O ko B. In ka ga injin waje na juyawa cikin hunturu, ko tsohon tamostat na da wurin ɗumin gaggawa, to hitfam gareka, ba irin gidan maƙwabcinka mai gas bane da ka kwafi wayarinsa. Wani ƙanenmu da muke sallar Juma'a tare ya ɗaura nasa, ya ga farar waya ya cusa a W, bai shiga saiti ya gaya wa tamostat ɗin cewa hitfam bane. Gida yayi ɗumi kuwa, har yana min alfahari wai ya ƙwace min sana'a. Ashe kwamfureso na kwance, wayoyin ɗumi na ko-ta-kwana da ke cikin injin gida masu zuƙar lantarki su kaɗai ke ta aiki dare da rana, sai da bil ya zo ya kira ni murya na rawa. Farar nan wurinta Aux ko W2. Sannan saitin O/B, yawancin kamfanoni bawul ɗin na karɓar wuta ne lokacin sanyaya, wato O, su Rheem da Ruud kuma lokacin ɗumi, wato B. In ka nemi ɗumi ka ji iska mai sanyi na busowa kar ka fara kwance wayoyi kamar mahaukaci, saitin nan kawai zaka juya.

Maganar C kuma, masu waifai irin su Nest da ecobee suna son wuta kullum, batir bai ishe su ba. Ja kebul ɗin a hankali ka duba, sau da yawa akwai wayar da ba a yi amfani da ita ba an naɗe ta a baya. Amma fa sai ka sauka ka jona ɗaya bakin a C na allon fanes, mutane sai su jona sama kawai suna jiran ikon Allah. Wasu masu aikin na ɗauke G su mayar C, ni bana yi, don ka rasa kunna fanka ita kaɗai, gara in ja sabon kebul ko in sa adafta.

Ƙananan kuma da sauri. In R ɗaya gareka ka bar 'yar jamfar da ta haɗa Rc na sanyi da Rh na ɗumi (gajeriyar waya ce, ba ta sawa a jiki ba), in biyu ne cire ta. In ka buɗe ka ga wayoyi masu kauri biyu ko huɗu an murɗe su da hular roba, wannan bolt 120 ne ko 240, rufe ka kira mai aiki, wannan kam tana kisa. Haka masu saya wa 'yan'uwa tsaraba su kai Kano ko Yamai, AC ɗin bango mai rimot ba shi da inda za a jona tamostat ɗin, wanda ya gwada ba shi 220 kuma hayaƙi zai gani. Toshe ramin bayan tamostat, iskar cikin bango na sa shi ƙaryar awo. Kar ka kafa shi inda rana ke duka ko kusa da kicin. Tsohon tamostat mai 'yar kwalba da ruwan azurfa a ciki makuri ne, guba, ba a jefa shi a shara.

Wajen saitin lokaci, ma'aikatar makamashi ta Amurka tace rage digiri 7 zuwa 10 na Faranhait na awa 8 a rana na iya rage kusan kashi 10 na kuɗin ɗumama da sanyaya gida a shekara. A gidan gas na yarda, a hitfam ni digiri 2 ko 3 kawai nake ragewa, in ya yi nisa da safe wayoyin ko-ta-kwanan nan ne za su tashi su cinye ribar.

In ka gama ka kunna babu motsi, kafin ka kira ni duba murfin fanes, akwai ɗan makunni a bakinsa, in bai zauna daidai ba injin ba zai tashi ba. AC kuma yana jiran wajen minti 5 don kare kwamfureso, ka bar danne-danne. In waje ya gaza digiri 60 na Faranhait ma kar ka gwada AC sam, bar shi sai bazara.