Yadda Ake Wasa Kayan Kafinta da Injin Samfefa Mai Bel

Kafintan da ya gaji tsohuwar cizal, ko ya tsinci gizago a kasuwar 'yan gwangwan, ya san wahalar da ke cikin dawo da bakin ƙarfen da ya karye ko ya dakushe a kan dutsen washi, domin aiki ne da kan cinye yini guda. Injin samfefa mai bel, wato injin da ke juya ɗamarar takardar gugar katako, yana gama shi cikin mintuna kaɗan, amma saurin nan nasa shi ne haɗarinsa, kuma a kan wannan nake son mai karatu ya tsaya sosai.

Kafin a kunna inji, a cire jakar da ke tara garin katako, a share cikinsa tsaf, saboda tartsatsin ƙarfe idan ya faɗa cikin busasshen gari yana iya ci a hankali har wuta ta tashi bayan an rufe shago. A sa gilashin kare ido, a naɗe hannun riga, sannan a ɗaure injin da kyau a kan teburi idan na hannu ne. Tsatsa kuma a fara jiƙa ta da kananzir, a goge da buroshin waya, don kada ta toshe samfefar a banza.

Ana gane kaushin samfefa da lambar da ke bayanta: ƙaramar lamba ta fi kaushi. Idan baki ya karye, a fara da lamba 80, a koma 120, sannan 220 ko 400. Ga cizal da wuƙar abin fere katako, karkatar baki ta digiri 25 ita ce aka fi amfani da ita, kuma hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan karkata ita ce a yanka ɗan katako daidai da ita a kafa shi gaban bel, ya zama majinginar ƙarfen. A shafa baƙin tawadar alƙalamin maka a fuskar da za a wasa. Duk inda baƙin ya rage, bel bai taɓa wurin ba tukuna.

Wajibi ne bel ya riƙa gudu yana barin bakin ƙarfen, wato daga wajen mariƙi zuwa kaifi. Idan aka juya kaifin ya fuskanci bel, yana iya yanka samfefar, inji ya fizge cizal daga hannu ya jefa ta. A kuma ɗora ƙarfen daidai inda farantin ƙarfe yake ƙarƙashin bel, domin inda bel ke lilo babu abin da ya tokare shi, bakin zai fito a zagaye. Wannan zagayen yana da kyau ga gatari, amma cizal ba ta son sa.

Yanzu ga batun zafi. Taurin cizal daga wuta ya samo asali, kuma wuta ce ke kwance shi. Bakin ƙarfe siriri ne ƙwarai, ba shi da kaurin da zai shanye zafi, shi ya sa yake ƙonewa kafin hannu ya ji ɗumi. Da zarar launinsa ya fara komawa ruwan ƙasa, an kusa ɓarna. Idan ya zama shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Selsiyos, taurin wurin ya tafi, kuma babu washin da zai dawo da shi sai an cinye wurin gaba ɗaya. Saboda haka a ajiye gwangwanin ruwa kusa, a taɓa ƙarfen a bel na daƙiƙa 2 ko 3, a ɗaga, a tsoma a ruwa, a sake. Kada a danna da ƙarfi, a riƙa zarya da shi dama da hagu a faɗin bel. A ganina tsohuwar samfefa ta fi komai ƙona kayan aiki, domin ta daina ci sai guga kawai take yi, guga kuwa zafi take haifarwa. Idan bakin ya karye sosai, a fara daidaita shi a tsaye har tsagar ta ɓace, a duba da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa na kafinta, sannan a fitar da karkatar.

Ana tsayawa ne idan yatsa ya ji ɗan siririn leɓen ƙarfe ya tashi a bayan baki daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nan aikin inji ya ƙare. Bayan cizal ba a kai shi kan bel ko kaɗan, domin dole ya zauna a shimfiɗe; ana goge shi ne a kan dutse ko samfefar da aka manna a gilashi mai kauri. A ƙarasa kaifin a dutse mai laushi, a ɗan ɗaga shi zuwa digiri 30, a cire leɓen a kan fata, a gwada a kan guntun katako mai laushi ta wajen yankakken kansa. Idan ya fere shi sumul ba tare da murƙushewa ba, a shafa masa man keke a ajiye inda damshin damina ba zai same shi ba.