Yadda Ake Ɗanɗana Baƙar Laga ta Ƙaramin Gidan Giya

A Jos na taso, inda in aka ce baƙar giya, Guinness kowa ke nufi: mai ɗaci, mai nauyi, wadda ƙarfinta a Najeriya ya kai kashi 7.5 cikin ɗari. Shi ya sa da aiki ya kawo ni wani ƙauye kusa da Bamberg, a arewacin jihar Bavariya ta Jamus, aka dire min moɗar Dunkel, wato baƙar lagar Bavariya, a gabana, na ɗaure fuska tun kafin in kurɓa, ina jiran ɗaci. Sai na ji garɗi. Wannan bayani na manyan da ke shan giya ne. Wanda addininsa ko lafiyarsa ta hana shi, ya tsaya a kan bakarsa, ban zo jan kowa ba.

Da farko, cire wa ranka cewa baƙi shi ne ƙarfi. Dunkel takan tsaya wajen kashi 5 ne kawai. Launin daga tsiron sha'ir yake fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta tsira, a shanya kafin a dafa burukutu, ya san rabin aikin. A nan sai a busar da tsiron da zafin wuta, wajen digiri 100, har ya yi ja ya soma ƙanshin ɓawon burodi. Kuma laga ce. Yis ɗinta a sanyi yake aiki, tsakanin digiri 8 da 12, ya kwanta a gindin tanki, sannan a bar ta makonni ta tace kanta. Sunan ma daga kalmar Jamusanci "lagern" ya zo, wato ajiyewa. A ƙauyukan nan har yau akwai rumfunan da aka haƙa cikin dutse don wannan ajiya.

In za ka saya a kwalba, duba kwanan wata. Ƙananan gidaje da yawa ba sa dafa giyarsu bayan an cika kwalba, don haka ba ta jure dogon zama. Ka kiyaye ta daga rana.

Sanyi shi ne inda mutanenmu suka fi yin kuskure. Mun saba da cewa "kawo mai ƙanƙara", kuma a zafin Afrilu wannan ba laifi ba ne. Amma ƙanƙara tana kashe harshe, tana danne ƙanshi. Na taɓa sanyaya kwalba ɗaya har ta yi raɓa, na sha, ban ji komai ba sai ruwan sanyi mai gas. Ka fito da ita daga firji, ka ba ta minti goma zuwa sha biyar, ta kai wajen digiri 8 zuwa 10. In ka riƙe kwalbar ka ji sanyi amma bai cije hannunka ba, ta yi.

Kada ka sha da bakin kwalba. Nemi tambulan na gilas, ka ɗauraye shi da ruwa zalla, domin ragowar sabulu ko maiƙo yana kashe kumfa nan take. Karkata shi, ka zuba a hankali ta gefe, in ya kai rabi ka miƙe shi, ka bar kumfa ta taso kamar yatsa biyu.

Yanzu ɗaga shi ka kara da hasken taga. Ba baƙa ba ce wuluk. Launin busasshen dabino za ka gani, da ja yana walƙiya a gefe, kumfar kuma kamar shayin da aka sa wa madara. In ka ga ta yi baƙi ƙirin, mai yiwuwa 'yar'uwarta ce Schwarzbier, irin ta garin Köstritz, wadda ta fi kusa da ƙanshin kofi.

Sansana kafin ka sha, gajeru biyu ko uku. Abin da nake nema shi ne ƙanshin gyaɗar da aka soya a yashi, da na ƙanzon da ya yi ja a gindin tukunya bai kai ga ƙonewa ba. Wani lokaci har da cakulan a can nesa. Ba a zuba mata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dokar da aka kafa a garin Ingolstadt na Bavariya a 1516 ta ce ruwa da sha'ir da furen hops (ganyen da ke ba giya ɗaci) kawai, daga baya aka ƙara yis da aka gane aikinsa, kuma masu yin laga a Bavariya na kan wannan turba. Duk garɗin nan gwanintar gashin tsiro ce, shi ya sa nake girmama mai yin ta.

Kurɓar farko ta wanke baki ce. A ta biyu ka riƙe ta a kan harshe ɗan lokaci, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. A nan ne ƙanshin yake dawowa da cikarsa. Zaƙi-zaƙin tsiro ya kamata ya zo da farko, ɗacin hops ya biyo baya kaɗan, daidai yadda zai share zaƙin, bakinka ya koma tas. In zaƙin ya manne kamar na Maltina, ba ta gama nuna ba ko an cika mata hannu.

Laga ba ta iya ɓoye aibi. Ƙanshin man shanu da santsi a harshe alama ce an yi gaggawar raba ta da yis. Warin jiƙaƙƙen kwali na nufin iska ta shiga ko ta tsufa. Tsami ko ƙauri mai kartar maƙogwaro ba halinta ba ne. Hayaƙi kuwa, in a Bamberg kake, ba aibi ba ne: Rauchbier ce, da itacen wuta ake busar da tsironta, da gangan.

Ajiye kilishi da yaji sai ka gama, barkono zai shanye komai. Gasasshen nama da gishiri kawai, ko burodi mai ɓawo, su ne abokan tafiyarta. Rabin lita, wanda a nan suke kira Seidla, ya isa, kuma mota ta kwana a gida.

In mai gidan yana kusa, tambaye shi makonni nawa ta yi a ajiye. Tsohon da ke yin ta ƙauyenmu ya ɗaga min yatsu shida, ya ce in rage kurɓa uku a gindin moɗar in jira ta huce. Na jira. A waɗannan ukun na ji gyaɗar sosai.