Yadda za ka wanke tsohuwar na'urar gem ba tare da ka ɓata mata fuska ba

Abin da ya fara jan raina zuwa ga tsofaffin na'urorin gem da kwamfutocin gida shi ne surarsu. Dubi Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a 1983: fari da ja mai duhu, hannuwan wasa biyu masu faranti ruwan zinare, kowanne da gurbinsa a gefe inda ake soka shi. Ko ZX Spectrum ta 1982, 'yar baƙa da Rick Dickinson ya zana wa kamfanin Sinclair a Ingila, maɓallanta na roba mai laushi, ga ratsi huɗu, ja da rawaya da kore da shuɗi, sun gitta kusurwar dama. Kyawun yana cikin irin waɗannan ƙananan abubuwa, su ne kuwa wankin gaggawa yake fara cinyewa.

In ka samu ɗaya, kada ka yi saurin jona ta. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu a Najeriya 230, saboda haka adaftar da ta zo da ita za ta iya ƙonewa nan take in ba ka sa taransifoma ba. Kada kuma ka jona wa Famicom adaftar NES, wato 'yar'uwarta da aka fitar a Amurka, don ka ga duk Nintendo ne. Ta NES wutar AC take bayarwa, Famicom kuwa DC take so, kuma hakan yana kashe ta.

Kafin ka kwance, ɗauki hoto da wayarka ta kowane ɓangare, ka zuba kusoshin a faranti don kada su ɓace. Super Nintendo tana da kusoshi na daban da sukurdireban gida ba ya kamawa, sai ka nemi nasu mai milimita 4.5. Ita Spectrum lallaɓa ta ake yi. Akwai siraran ledoji biyu da suka haɗa maɓallan da allon ciki, shekaru sun busar da su, in ka ɗaga murfin da ƙarfi sai su tsage.

Ware kayan wuta gefe guda, robar kaɗai za ta taɓa ruwa. Ruwa mai ɗan ɗumi, sabulun wanke-wanke kaɗan, da tsohon buroshin haƙori mai taushi sun wadatar. A ramukan shan iska datti yake maƙalewa, nan za ka ba lokaci. Shanya a inuwa har ta bushe ƙayau kafin ka mayar.

Wurin rubutu da zane ne nake roƙon ka sassauta hannu. Mega Drive ta Sega, ta 1988, baƙa ce wuluk, abin da ya ƙawata ta shi ne "16-BIT" ɗin nan ruwan zinare a tsakiyar da'ira. Haka Atari 2600 ta 1977, da gabanta mai kamar katako, wanda aka yi don ta dace da talabijin da kayan falon wancan zamani. Wannan katakon zane ne kawai a kan roba. Kada ka dirje shi da soso, kada ka kusanto da fetur ko tina ko ruwan goge janfarce, domin suna narkar da robar, su tafi da rubutun. Tsumma mai ɗan damshi, shafa ɗaya a hankali, shi ke nan. Takardar lamba da ke ƙasa ma bar ta yadda take.

Sai batun rawaya. Yawancinsu da robar ABS aka yi su, wadda rana da zafi suke mayar da ita rawaya, har ka ga Super Nintendo rabinta toka-toka rabinta ya rine. Masu gyara suna shafa sinadarin haidirojin feroksaid su sa a rana don ta yi fari. Yana aiki, amma wani lokaci yana barin dabbare-dabbare, kuma rawayar kan dawo bayan 'yan shekaru. Ni ban cika yi ba. In har za ka yi, sa safar hannu, fara gwadawa ta ciki inda ba a gani, kuma kada ka taɓa jar robar Famicom da shi, don yana kodar da launi.

Wurin ajiya ya zama nesa da taga, a cikin kabad mai gilashi in da hali, musamman lokacin hunturu da ƙura take shiga ko'ina. Kada ka nannaɗe waya a jikin na'urar, domin in ta daɗe a haka robar wayar tana cin jikin ta bar tabon da ba ya goguwa. Naɗe kowace waya daban, ka sa ta a jakar yadi.