Buɗe Ƙofar Rauta Don Sabar Minecraft

Masu yawan tambayar yadda abokai za su shiga sabarsu daga waje, ga shi nan, na Minecraft Java ne.

1. A kwamfutar sabar, buɗe cmd (tagar rubuta umarni ta Windows) ka rubuta ipconfig.
2. Kwafe lambar IPv4 (ta kwamfutar) da ta Default Gateway (ta rauta).
3. Saka ta Gateway a burauza, galibi 192.168.1.1 ce.
4. Shiga da kalmar sirrin da ke manne bayan rauta.
5. A sashen DHCP, inda rauta ke raba wa na'urori lamba, ɗaure wa kwamfutar lambarta ta IPv4. Hattara, nan ake tuntuɓe: in ba ka ɗaure ba, gobe lambar ta canja, abokai su neme ka su rasa.
6. Nemo Port Forwarding, wato sashen buɗe ƙofa.
7. Rubuta 25565, lambar ƙofar Minecraft, a gurbin ciki da na waje, zaɓi TCP.
8. Saka IPv4 ɗin, ka adana.
9. Kunna sabar, aboki ya gwada daga gidansu.

In rautar mai sim ce, sau da yawa CGNAT (tsarin da kamfanin sim ke haɗa mutane da yawa kan IP ɗaya) ke toshe hanya, sai ka nemi kamfanin ya ba ka IP na kanka.