Yadda nake share dusar ƙanƙara da tsohuwar tarakta a Manitoba

Taraktar da nake aiki da ita a wata gona a kudancin Manitoba, ƙasar Kanada, Massey Ferguson 135 ce. An ƙera irinta tsakanin 1964 da 1975, da injin dizal na Perkins mai silinda uku, ƙarfinta wajen doki 45. Tayoyin baya kaɗai ke ja, ba ta da ɗakin direba, ga shi sanyin Janairu a nan kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Duk da haka tana buɗe hanya daga ƙofar gida har bakin titi, muddin ka bi ta a hankali.

Aikin yana farawa tun watan Oktoba, kafin ƙasa ta daskare. Ka kafa sanduna masu launi a gefen hanya, musamman bakin kwalbati da rami, domin da zarar fari ya rufe ko'ina ba za ka gane inda hanya ta ƙare ba. Ka zuba man dizal na hunturu. Na bazara yana yin kauri cikin sanyi kamar man shanu, ya toshe matatar mai, injin ya mutu maka a tsakiyar hanya. Ka duba ruwan lagireto ko yana da maganin hana daskarewa, ka gwada batir. Idan injin ba shi da hita ta lantarki da ke ɗumama shi, ka sa masa. Awa biyu ko uku a jone kafin tayarwa sun wadatar. Bayan ya tashi ka fito da taraktar daga rumfa saboda hayaƙi, ka bar ta ta ɗumama har man haidirolik ya saki, in ba haka ba hannayen baya za su riƙa ɗagawa da ƙyar.

Abin da mutane suka fi kuka da shi, wai tsohuwar tarakta ba ta da ƙarfi. A ganina ƙarfin ba shi ne matsalar ba, riƙon ƙasa ne. Tayar noma an yi ta don laka. A kan ƙanƙarar da ta danƙare sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Saboda haka sarƙa a tayoyin baya dole ce, a ɗaure ta tamau, a sake jan ta bayan an ɗan yi tafiya. Sai nauyi. Ana cika tayar baya da ruwa har kashi uku cikin huɗu, amma ba ruwa zalla ba, don zai daskare. Ruwan gishirin kalsiyam ya fi araha, sai dai yana cin ƙarfen wili idan ya yi yoyo. Ni na fi son wanda ake yi da ruwan gwozar sukari (tsiron da ake kira sugar beet), ba ya kawo tsatsa.

A baya nake maƙala faifan ƙarfe mai faɗin ƙafa shida. Ka karkata shi gefe ɗaya yadda dusar za ta riƙa gangarewa waje, ka fara daga tsakiyar hanya, ka bi gefe da gefe. Idan hanyar ta tsakuwa ce, kada ka kankare ta har ƙasa a farkon hunturu. Ka juya faifan ya ja da bayansa, ko ka ɗaga shi kamar inci ɗaya, ka bar ɗan abin da ya saura ya danƙare ya zama daɓe. Wanda ya ƙi haka, a watan Afrilu zai tsinci tsakuwarsa cikin ciyawa.

Dusar farko ka tura ta nesa, nesa fiye da yadda kake ganin ya dace. Tudun da ka tara a Nuwamba yana nan har Maris, ya ƙanƙare, taraktar ba za ta iya gusar da shi ba, hanya kuwa sai ta yi ta tsukewa. Ka kuma lura da iska. A nan ta fi kaɗawa daga arewa maso yamma, don haka nake tarawa a ɓangaren kudu da gabas. Tudun da ke ta inda iska ke fitowa shi ke sa ta sake cike maka hanya cikin dare. Kada ka jira saukar ta ƙare. Inci huɗu zuwa shida ta yi, fita ka share, ko da za ka sake fita da yamma.

Ka haɗe fedojin birki biyu da sakatarsu, don taka ɗaya kawai a kan santsi zai juya ka. Ƙaramin giya, totur matsakaici. Idan taka mai Multi-Power ce, wato tsarin da ke raba kowace giya zuwa sama (High) da ƙasa (Low), kada ka sauka gangara tana kan Low, domin a nan injin ba ya riƙe ta, sulalewa take yi. Yawancin irin waɗannan ba su zo da ƙarfen kariya daga kifewa ba; ana sayar da shi daban, kuma ya cancanci kuɗinsa.

In dusar ta wuce gwiwa, faifai ya gaza, sai injin da ke kwasar dusar yana fesa ta gefe, wanda ake jonawa a sandar juyi ta bayan tarakta, mai zagaye 540 a minti. Da ribas ake aiki da shi, wuya zai gaya maka. Ka ajiye ƙusoshin da aka yi don su karye idan ya haɗiyi dutse, kada ka musanya su da masu tauri. In ya toshe, kashe injin, jira komai ya tsaya cak, sannan ka zaƙulo da sanda, ba da hannu ba.