Yadda ake bambance rama da wiwi

A garake na bakin kogi a Yamai ko a gonakin Tawa, baƙo kan ga rama ya ɗauka wiwi ce. Rikicin har a suna yake. A 1759 masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa rama sunan kimiyya Hibiscus cannabinus, wato mai kama da wiwi. Faransanci ya ƙara dagula lamarin: rama chanvre de Guinée, wiwi chanvre indien. Alhali rama dangin kuɓewa ce da yakuwa.

Fara da ganye. Tsinko ɗaya ka duba inda yatsun suka haɗu. Na rama ganye guda ne da ya tsage gida 3 zuwa 7, gindin a haɗe kamar tafin hannu. Na wiwi kowane yatsa daban yake har kan tsinke. Nan mutane ke kuskure, suna duba na sama kawai. Na ƙasan rama faffaɗa ne, bai ko tsage ba.

Shafa karan: na rama yana da ƙananan ƙayoyi. Murza ganyen, wiwi wari gare ta mai ƙarfi, rama kuwa tsami.

In fure ya fito, gardama ta ƙare. Na rama babba ne, fari-fari ko ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja wur. Na wiwi ƙanana ne kore, a cure.