Darasi na 9: Jan gungumen itacen girki da ƙaramar tarakta a kan gangare

To 'yan uwa, darasin yau na masu tarakta ne, musamman irin ƙananan nan masu ƙarfin doki 25 zuwa 40 da ake shiga daji da su a jawo itacen girki bayan an gama aikin gona. Wanda yake zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai iya ganin kamar abin bai shafe shi sosai ba, amma mutanen da ke kan duwatsu, irin su tsaunin Mambila wajen Gembu inda ake shuka itacen turare da yawa a jikin tudu, ko Filato, ko yankin Adamawa ta ɓangaren Kamaru, su kam sun san me ake nufi da gangare. Mutum ya sare itace a ƙasan kwari ko a saman tudu, ga gungume kwance ga tarakta, sai ya ce bari kawai in ɗaura sarƙa in ja. A nan ne ake rasa rai wallahi, kuma yawanci ba sabon direba ba ne, wanda ya daɗe yana yi ne har ya daina jin tsoro.

Tarakta hanya biyu take kifewa. Ko ta faɗi ta gefe, ko kuma gabanta ya ɗaga sama ta wuntsila ta baya ta danne direba. Faɗuwar gefe ta fi yawa, amma ta bayan ce ta fi kisa, kuma ita ce ta masu jan gungume, don haka da ita za mu fara.

Ka je bayan taraktarka ka tsuguna ka duba. Akwai ƙaton ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya guda biyu, wanda makanikai ke ce wa aksul. A ƙasansa akwai wani ƙarfe kwance mai huda, wanda ake maƙala tirela, shi ne ƙarfen ja. Kamfani bai sa shi can ƙasa don ado ba. In ka ɗaura sarƙa a nan, duk lokacin da kaya ya yi nauyi jan da yake yi yana taimakawa ne wajen riƙe gaban tarakta a ƙasa, in abin ya gagara sai dai taya ta yi ta juyawa tana haƙa rami. Amma in ka ɗaura a sama da aksul, misali a ramin da ake sa hannun garma na sama, ko ka naɗe sarƙar a jikin aksul ɗin, ko bayan kujera, to ka shirya wa kanka tarko. Kana cikin tafiya bakin gungume ya caki kututture ko dutse ya tsaya cak, tayoyin baya sun kama ƙasa ba za su iya gaba ba, inji kuma bai daina ba da ƙarfi ba, to ƙarfin nan ina zai je? Sai ita taraktar ta juya a kan aksul ɗinta, gaba ya tashi sama. Masu binciken haɗarin gona a Amurka sun auna abin, cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ɗaya tarakta na iya kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kwanta a bayanta. Ba minti nake faɗa ba fa, daƙiƙa. Kafin ƙafarka ta lalubo kuloci an gama. Shi ya sa ni ban yarda da maganar nan ta "ai ina kula, in na ga gaba ya ɗaga zan taka kuloci" ba, babu mai saurin nan, balle kana kan tudu kana waiwaye.

Saboda haka sarƙa a ƙarfen ja, kullum, ko da gungumen ƙarami ne.

Sai kuma shi bakin gungumen, kar a bar shi yana noma ƙasa. A sassabe rassan tas, a fere bakin da gatari ya ɗan yi tsini, in da hali a samu faifan ƙarfe mai kauri mai lanƙwasasshen baki a ɗora kan gungumen a kai ya riƙa sulɓewa bisa saiwa da duwatsu, mai walda zai iya haɗa maka. Wasu suna ɗan ɗaga bakin da hannuwan garma na ƙasa, to in za a yi haka a ɗaga kaɗan ne kawai, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, domin duk abin da ka ɗora a baya daga gaba ka rage shi, za ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka kamar ba ya kama komai. Da ka ji haka tsaya, kaya ya fi ƙarfin tarakta.

Mutane suna raina nauyin ɗanyen itace. Ɗanyen gungumen turare mai faɗin santimita 40 da tsawon mita 4 zai kai wajen rabin tan, ita kuwa ƙaramar tarakta gaba ɗayanta tan ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. Tunda dai itacen girki ne, faskarawa za a yi daga ƙarshe, meye amfanin jan shi da tsawonsa? A yanka shi biyu ko uku a yi sawu da yawa. Man da za ka ƙara sha bai kai kuɗin gyaran tarakta ba balle na asibiti.

Yanzu faɗuwar gefe. Tarakta tana da taya huɗu amma tsayuwarta irin ta murhu ce mai duwatsu uku, domin aksul ɗin gaba a kan fil ɗaya yake lilo a tsakiya, kuma ita doguwa ce, ƙarama kuma ga ta tsukakkiya. In ka ratsa gangare a karkace, wato gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, ƙaramin abu ya isa, tayar ƙasa ta faɗa ramin zaizaya da ciyawa ta rufe, ko ta sama ta hau dutse. Ga gungume kuma a baya, shi mulmulalle ne, zai gangara ya fizgi bayan tarakta zuwa ƙasa. Don haka ba a ratsa gangare da gungume. Ko dai a miƙe sama ko a miƙe ƙasa, kuma ba a juyawa a tsakiyar tudu, sai an kai inda ƙasa ta daidaita.

Ga yadda za ka auna gangare ba tare da wata na'ura ba. Samu sanda miƙaƙƙiya mai mita 2, ɗora kai ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, ɗaga ɗaya kan har sandar ta kwanta daidai, sai ka auna tazarar da ke tsakanin bakin sandar da ƙasa. In ta kai santimita 50, gangaren ya kai wajen digiri 14 ke nan. Shawarata, wurin da ya kai haka kar tarakta ta shiga da kaya, ta tsaya a kan hanya a wuri mai daidai, a ja birki, a miƙa doguwar waya ko sarƙa a jawo gungumen zuwa wajenta, in akwai winci, wato injin da ke naɗe waya yana jawo kaya, ya fi, in babu a riƙa ja kaɗan-kaɗan a kan hanyar ana rage tsawon sarƙa. Kuma jan ya zama a miƙe daga baya, ba ta gefe ba.

Wajen hawa, tafiya gaba da kaya a baya ita ce mafi haɗari, nauyi duk ya koma tayoyin baya. In tudun ya yi tsaye kuma babu kaya, da baya ake hawa. Wajen sauka kuwa ka sa ƙaramar giya tun kana sama, kar ka canza a hanya, kar ka taka kuloci, kar ka saka firi don tsimin mai, bar inji ya riƙe ta. Fedar birki biyun nan ka haɗe su da maƙallinsu, don in ka taka ɗaya kawai tarakta za ta murɗe gefe. In taraktarka mai jan taya huɗu ce ka saka jan taya huɗun, saboda yawancin ƙananan nan ba su da birki a tayoyin gaba. Ka riƙa lura da gungumen, a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana iya sulɓowa ya fi ka gudu ya daki taya. Bayan ruwan sama gaskiya gara a haƙura sai ƙasa ta tsane, jar lakar kan tudu ba ta da amana.

Kafin ranar aiki akwai gyaran da ake yi a gida. Tayoyin baya a yawancin taraktoci ana iya buɗa su su ƙara faɗi, makanike ya san yadda ake juya rim. Ana zuba ruwa a cikinsu har wajen kashi uku bisa huɗu don nauyi ya sauka ƙasa, a rataya ƙarafan nauyi a gaba. Mai bokitin loda a gaba ya riƙa tafiya da shi ƙasa-ƙasa, ɗaga shi sama na ƙara mata saurin faɗuwa.

Sai ƙarfen kariya, wannan mai kama da ƙofa da ke tsaye bayan kujera. Ina roƙonku don Allah a daina cire shi ana cewa yana kama rassa. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, kuma mace-macen kifewar tarakta suka ragu ƙwarai a can. Shi ba ya hana faɗuwa, yana hana ta danne ka ne, amma sai ka ɗaura bel ya riƙe ka a kujera. Taraktar da ba ta da ƙarfen kuwa ba a ɗaura bel a kanta, kuma ni dai ba zan kai irinta gangare ba. Kar a sa mai walda ya haɗa na bututun ruwa, lanƙwashewa zai yi.

Yaron mota da masu taya aiki su tsaya ta saman tudu, nesa da sarƙa, kar kowa ya tsaya a ƙasan gungume ko tsakaninsa da tarakta, kuma kujera ɗaya ce, ba a ɗaukar kowa a kan madigadi. In za ka sauka kwance sarƙa, ja birkin hannu, sauke bokiti da hannuwan garma ƙasa, kashe inji.

Aikin gida: kowa ya je wajen taraktar da yake tuƙawa ko ta maƙwabci, ya auna tsayin aksul daga ƙasa da tsayin ƙarfen ja, ya rubuta lambobin biyu a littafinsa. Sannan ya auna gangaren hanyar da ake bi ɗebo itace da sandar mita 2 a wurare uku, ya rubuta, mu duba tare a darasi na gaba.